Baki Na Motsi, Ba Murya

Daren Alhamis a Valparaíso,
ruwan sama na dukan kwanon rufi,
jiragen dakon kaya na kuka can gindin tudu,
ni kuwa Eleuterio, mai saba'in da ɗaya,
na zauna gaban allo, zaman jiran gawon shanu.

Shekara talatin ina tuƙa ƙugiyar tashar ruwa,
ina ɗaga kwantena kamar mai ɗaukar faifai,
yau ga ɗan layi kore ya gagare ni:
kashi tamanin da bakwai, ya ƙame cik,
ba gaba ba baya, jakin da ya hango rami.

Na goge manhajar, na sake girkawa.
Ta ce wuri ya cika.
Na kwashe hotunan bikin jikata Ximena,
na share wasan kati, na share har abin da ban sani ba.
Ta ce katin hoto ya tsufa.
To, wa bai tsufa ba?

A kashe, a kunna, a sabunta, a jira.
Shayi ya huce sau biyu.
Goma da kwata ƙofa ta buɗe.

Ga tsibirin da muka gina ni da Baltasar,
teburin domino ƙarƙashin itacen lemo
irin na gidan innarmu da gobara ta cinye.
Ga ƙanena zaune da hular da bai taɓa mallaka ba.
Jikinsa na can Punta Arenas, iska na jijjiga tagarsa,
surarsa na nan, tana ɗaga mini hannu.

Na gaishe shi. Bakin surata ya motsa
kamar kifi a cikin kwalba.
Ya rubuta: ba na jin ka.
Na kwarma ihu har karen maƙwabta ya amsa.
Ya rubuta: har yanzu.

Na kutsa cikin saituna kamar mai lalube a rumbu.
Makirfo uku a jere, alhali ɗaya na saya,
ina sauran biyun suka fito?
Na zaɓi na farko, shiru.
Na biyu ya saki ƙara kamar ƙarfe kan ƙarfe,
Baltasar ya rubuta: kashe ni za ka yi?
Katangar tsaro ta nemi izini, na ba ta.
Riga-kafin ƙwayar cuta ya nemi izini, na ba shi.
Da kujerata ta nema, da na ba ta.

Sha ɗaya da rabi na kira Ximena.
Muryarta cike da barci ta ce,
Kaka, bar allon, bi wayar da hannunka,
daga kunne zuwa ƙasa, sannu.

Na bi. A daidai ƙirjina,
inda wayar ke gogar maɓallin riga,
ga wani ɗan makunni, bai kai ƙwayar wake ba,
ya buɗe jan ido yana kallona.
Ashe tun ɗazu ina neman jaki, ina kan jaki.

Na ture shi da farce.
Abin da ƙanena ya fara ji
bayan wata biyu ba mu yi magana ba
shi ne tarina, da ashar ɗin da na yi wa wayar.

Ya yi dariya har surarsa ta daskare,
muryar ta zo a yayyanke, ta sake haɗuwa,
bayanta ina jin iskar kudu da butarsa na tafasa.
Duk labarin da na tanada ya gudu.
Muka yi shiru, mai kyau wannan karon.

Can ya ce, ka ci abinci?
Na ce a'a.
Ya ce, raba domino tukuna.